Madubin Bindigar Yaya Ummaru da Kajin Inna

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Yaya Ummaru dabino ya san abin da ke biyo baya. Ba ya kaiwa baki. Sai ya tsaga shi biyu da farce, ya ɗaga wajen haske, ya leƙa cikinsa kamar mai neman allura a rijiya, sannan ya tambaye ka daga gonar wa. In ka ce daga tasa gonar ce, ka ƙara jawo wa kanka, don zai tambayi wace bishiya, kuma wa ya gan ka kana tsinka. Ku da kuka zauna da shi a ƙofar masallaci kun sani, har kuka bar kiransa Ammi Umar, wato Baffa Umar da Larabci, kuka koma ce masa Wa-ya-gani. Yana kuwa amsawa, bayan ya waiga ya tabbatar shi ake nufi.

Ni Dije ni ke bi masa, uwa ɗaya uba ɗaya, nan Madina aka yanke mana cibiya. Shekara sittin da ɗoriya ina zuba masa abinci, ban taɓa ganin ya ɗaga murfin kwano bai sunsuna ba. Ranar da likita ya ce masa yana da ciwon sukari, bai yi gardama ba. Gida ya dawo, ya sake riga, ya cire gutura, mayafin kan nan na Larabawa, ya sa hula, ya tafi wani asibitin kamar sabon mutum. Da can ma suka ce sukari, sai ya gyaɗa kai ya ce ashe har sun yi waya.

Labarin madubin bindigarsa zan ba ku, abin da mutanen nan ke ce wa darbil, don na ji ana ba da shi a karkace. Wasu har cewa suke yi jaki ya harbe. Bai harbi jaki ba. Ina wurin, kuma kajina ne a tsakiyar maganar.

Kajin nan ba na kasuwa ba ne. Irin na Inna ne, jajaye masu gajerun ƙafafu, waɗanda in suka kwanta a kan ƙwai ko gobara ta tashi ba sa motsawa. Tun muna gidan ƙasa, kafin a rushe tsohuwar unguwarmu, Inna ke kiwonsu. Da ta rasu ban gaji zobe ba, ban gaji akwati ba, su na gada, kuma ban bari irin ya yanke ba. Da gwiwa ta fara ba ni wahala, 'yata Safiya ta maido ni wata shigga, wato gidan haya a bene, a unguwar Bani Harisa, hawa na farko, sai mai ginin ya ce ba a kiwon zakara a gidansa. Na roƙe shi, na aika masa da ƙwai. Ya cinye ƙwan ya maimaita maganarsa. Ba yadda na iya, na loda su a kwali muka kai gonar Yaya, can bayan Uhudu inda gidaje ke ƙarewa duwatsu su fara. Kaza goma sha biyu da zakara ɗaya. Ya ƙirga su sau uku a gabana, ya ɗaga fiffiken kowacce ya duba, sannan ya ce in sani shi bai karɓi amana ba, ya dai ga kaji.

Wata bai cika ba suka koma goma. Ya zargi ma'aikacin maƙwabcinsa, ya zargi direban tankar ruwa, ya zarge ni ma, wai ƙila na faki idonsa na ɗauke biyu don in gwada shi. Ni kuwa shi nake zargi, ba zan ɓoye muku ba, don a makon nan na ga kumatunsa suna sheƙi. Muka yi kwana huɗu kowa na kallon bakin ɗan'uwansa, har ranar da ya kira ni ya nuna mini gashin kaza a gindin dabino, da 'yan sawu ƙanana a kan yashi sun miƙe sun nufi tudu. Yanyawa ce, wadda Larabawa ke ce wa husni. Na sa aka kewaye akurkin da waya, ta haƙa ta ƙarƙashi. Aka zuba siminti aka kulle su dare da rana, suka daina ƙwai suka fara figar juna, don kajin Inna ba su iya zaman kurkuku ba. Dole aka sake su. Ga zomaye kuma sun gano barsim ɗinsa, ciyawar da yake shuka wa awaki, suna aske ta layi-layi kamar wanzamai.

Yana da bindiga, 'yar siririya mai ƙaramin harsashi, takardunta na hukuma kullum a naɗe cikin leda a aljihun ƙirjinsa, kuma da ƙuruciya ba ya kuskure. To me ya hana shi? Iyakar harami. Kun san Madina ma tana da nata haramin, ba a farautar abin da ke cikinsa. Gonar Yaya tana waje, amma da kaɗan. Alamar da hukuma ta kafa tana kan tudun da ke kudu da gonar, ramin yanyawar kuma yana bayan alamar, a ciki. Sai ta bari ya tafi masallaci ta shigo ta yi ɓarnarta, in ya dawo gari ya waye sai ya hango ta can daidai iyaka, zaune tana lasar baki tana kallonsa. Ya rantse mini dabbar nan ta yi karatu. Wai da gangan take zaɓar wurin da ba za ka iya cewa ciki take ko waje ba.

Alamar hukumar ma bai yarda da ita ba. Ya ce ɗan kwangila ne ya kafa ta, ɗan kwangila kuwa inda motarsa ta iya tsayawa nan yake kafa abu. Sai ya ƙirgo taku arba'in daga alamar zuwa ɓangaren gonarsa, ya ajiye wani dutse ya shafa masa farin fenti, ya ce wannan ce tasa iyakar, duk dabbar da ta wuce bayan dutsen nan ta tsira daga gare shi. Daga kututturen dabinon da yake zama zuwa dutsen da nisa, ido kaɗai ba ya raba maka gaba da baya. Shi ya sa ya ce sai an sa wa bindigar madubi.

Ni ya ɗauka zuwa shagon kayan farauta a wajen Anbariyya, don duk dangi an san idona. Ban yi makaranta ba, amma har yau ina zura zare a allura ba gilashi, Safiya da ta gama jami'a ni take miƙo wa. Mai shagon wani dattijon Balarabe ne mai haƙuri, Allah ya biya shi abin da ya sha. Ya jera mana madubai a kan tebur kamar mai sayar da kifi. Kowanne in ka leƙa akwai zane a cikin gilashinsa, shi ake ɗorawa a kan abin da za a harba, kuma ashe a nan rigimar take.

Na farko zaren zanensa kauri gare shi. Yaya ya riƙe shi a hannu ya nemo wata kyanwa can ƙarshen titi, ya ga zaren ya rufe ta ɗungum, ya ajiye. Ya ce abin da ya iya ɓoye kyanwa zai ɓoye zomo biyu, kuma Allah kaɗai ya san me yake ɓoyewa ban da su. Na biyu cike yake da lambobi da 'yan layuka kamar takardar asibiti, mai shago ya fara bayanin yadda ake auna nisa da su, Yaya ya katse shi ya ce mai gaskiya ba ya yawan bayani. Na uku jan ɗigo ne mai haske a tsakiya, da batir yake aiki. Ya juya shi ya juya, ya tambayi wace rana batirin zai mutu. Mai shago ya ce wannan ba wanda ya sani.

"Ni ma ban san tawa ba," in ji Yaya. "Ba zan haɗa jahilci biyu a bindiga ɗaya ba."

Daga ƙarshe ya zaɓi wani ƙato mai tsawon muciya, wanda ya fi kowanne jawo nesa kusa. Hujjarsa ita ce in abu ya zo daf da hancinka ba shi da wurin yi maka ƙarya. Mai shago ya ce masa wannan na masu harbin nesa ne, ya fi ƙarfin zomo da yanyawa. Wannan maganar ce ta sa ya saye shi, don ya ce mutumin yana son ɓoye wa wani ne.

Kwana uku ya mayar da shi. Ya ce in ya leƙa duk duniya rawa take yi, dutse na rawa, tudu na rawa, sau biyu yanyawar ta gifta yana ganin ƙwayar yashi baro-baro amma bai ga dabbar ba. Mai shago ya zaunar da shi ya ba shi shayi, ya yi masa bayani a hankali cewa madubi in ya cika jawowa fili yake ragewa, kuma ko bugun zuciyarka sai ya nuna maka.

"Ya Ammi, hannunka ne ke motsi, shi nuna maka kawai yake yi."

"Shekara saba'in da biyar hannun nan bai yi rawa ba. Sai da ya taɓa kayanka."

A ranar kaji takwas suka kwana.

Aka musanya masa da matsakaici, mai siririn zare biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Ya ɗaura shi a kan bindiga, ya yi yini guda yana jin daɗi, har na fara cewa Allah ya kawo ƙarshen abin. Washegari na same shi zaune fuska a murtuke. Ashe ya lura zaren biyun gicciye suka yi. Ya ce shi, a Madina, a bayan Uhudu, ya rufe ido ɗaya ya ɗora ɗayan a kan gicciye? Ya gane nufin waɗanda suka ƙera shi. Sai ya kwance kusoshin, ya murɗa madubin a mazauninsa har zanen ya karkace ya koma kamar alamar da ake yi wa gidan da za a rushe, ya sake ɗaurewa tam.

To madubin yana da 'yan maɓallai biyu da ake murzawa, ɗaya na kai harsashi sama ko ƙasa, ɗaya dama ko hagu. Da ya karkatar da shi, sama ta tashi daga sama, dama ta tashi daga dama. Ya ajiye gwangwanin madara a kan bulo, ɗan nesa kaɗan da tankin ruwansa, ya harba, harsashi ya bugi ƙasa. Ya murza na sama, harsashi ya hau amma ya yi gefe. Ya murza na gefe don ya dawo da shi, ya ƙara gudu. Ina zaune a inuwa ina ce masa ya bari haka nan, yana ce mini mata ba su san bindiga ba. A harbi na shida muka ji wani sauti kamar an mari ganga, sai ga ruwa yana tsartuwa. Wannan shi ne jakin da kuke ji. Tankinsa ne na kansa. Ruwan ya malale cikin barsim, ciyawa ta yi kore shar, zomaye suka gayyato danginsu. Shi kuwa ya ce yanzu ya tabbatar, an gina madubin ne don ya hukunta duk wanda ya ƙi gicciyen.

Da na ga kaji sun koma shida, na nemo masa malami. Akwai Malam Nuhu, mutumin Sakkwato, magidanci mai natsuwa da ke zurfafa karatu a jami'a, duk Juma'a yana zuwa gidana cin tuwo da miyar kuka don ya ce tana tuna masa gida. Na haɗa su a tabarma ɗaya. Malam ya fara da zanen, ya ce layi biyu da suka gitta juna ba ibada ba ne, ya nuna ƙarafan tagar ɗakina ya ce ga shi nan ma haka suke. Yaya ya ce tagar ma ya daɗe yana kallonta. Malam ya haɗiye dariya ya koma kan yanyawa. Ya ce alamar hukuma ta isa, ba sai da dutse ba, kuma dabbar da ke cutar da mutum a dukiyarsa malamai da yawa sun sassauta a kanta ko da a ciki take, sai dai akwai saɓani.

"Saɓani," in ji Yaya. "Wato wasu sun dace, wasu sun yi kuskure."

"Ana iya cewa haka, Baba."

"To kai wanne ka kawo mini?"

Malam ya kai loma baki ya ci gaba da cin tuwonsa. Bayan ya tafi Yaya ya ce mini yaron kirki ne, yana da ilimi, amma mutumin da ke cin tuwona duk mako ba zai yi fatawa a kan kajina ba.

Suka koma huɗu, suka koma uku. Ban yi kuka a gabansa ba, ban ba shi wannan ba. Amma ranar da yanyawar ta ɗauke Gajera, tsohuwar kazar da ta ƙyanƙyashe rabinsu, na shiga motar Safiya na ce ta kai ni gida. A nan na yanke cewa ni zan zaɓi madubin nan da kaina.

Safiya ta kai ni shagon. Na ce wa dattijon ya fito mini da duk abin da yake da shi, har wanda ya manta da shi. Ni ba lamba na sani ba, ɗinki na sani. Na farko, ina son wanda ba ya jawowa da yawa, yadda mutum zai ga dabbar ya ga abin da ke kewaye da ita, don mu da dutse muke shari'a ba da yanyawa kaɗai ba. Na biyu, gilashin gabansa ya zama mai faɗi, ya sha haske, don da sassafe take fitowa. Wannan na gwada shi da leƙa lungun da ya fi duhu a shagon, wanda ya nuna mini gizo-gizo a can shi na ware. Na uku, zanen. Na leƙa sun fi goma, duk gicciye, har ya jawo wani tsohon kwali mai ƙura ya ce wannan yayinsa ya wuce, ba mai tambayarsa. Na leƙa. Sanduna uku ne, ɗaya ta taso daga ƙasa da tsini kamar bakin allura, biyu sun shigo daga gefe, ba wadda ta taɓa wata, kamar duwatsun murhu. Tsakiya fili, ba abin da ya rufe. Na ce shi ne.

Saura yadda zai karɓa. In na kai masa, zai ce me nake nufi. In mai shago ya yaba shi, ya mutu. Sai na ce wa dattijon ya mayar da shi ƙarƙashin tebur, ya bar kusurwar kwalin tana leƙowa, in Yaya ya tambaya ya ce ba na sayarwa ba ne. Safiya ta fara yi mini wa'azi da Larabci wai wannan yaudara ce, na ce mata da Hausa ta tada mota.

Kashegari na raka shi mayar da mai gicciyen. Bai gama sallama ba idonsa ya sauka a kan kwalin. Ya tambaya, mai shago ya sa ƙafa ya tura shi ciki ya ce tsohon kaya ne, bai dace da shi ba. Yaya ya ce a fito da shi. Mai shago ya ce an ajiye wa wani. Yaya ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa. Aka kira azahar, suka tafi masallaci tare, suka dawo tare, ya koma kujerarsa. Dattijon nan, wallahi da wasan kwaikwayo ya shiga da ya yi suna, sai da la'asar ta kusa sannan ya yi ajiyar zuciya ya miƙa masa kamar ana zare masa haƙori. A mota Yaya ya rungume kwalin, ya juyo ya ce mini in koyi zaman duniya, na kirki a ƙarƙashin tebur ake ajiye su. Ya ƙara da cewa ni da an bar ni ni kaɗai da mutumin, da mai batir zan dawo da shi. Na haɗiye. Ku da kuka san bakina kun san abin da na haɗiye.

Ya ɗaura shi a miƙe wannan karon. Ya saita, ya huda gwangwani sau uku a jere, ya ce sau uku sa'a ce. Mako guda yana gwaji. A ciki ya harbo zomaye biyu a tsakiyar barsim, nesa da kowace iyaka, na dafa masa da yaji. A cikin makon kuma yanyawar ta zo sau biyu. Aka bar ni da zakara da kaza ɗaya tak, ita ma tana kwance a kan ƙwai tara a gindin wani dabino, inda ta zaɓa da kanta. In an ɗaga ta ta fasa kwancin, in an bar ta ba za ta gudu ba ko an zo cin ta. In ta tafi, irin Inna ya ƙare a hannuna.

Da makon ya cika Yaya ya yi asuba a gona, bai je masallaci ba, ya ce dabbar ta haddace lokutansa. Safiya ta sauke ni gari na fara haske. Muka zauna bayan kututturen, bindiga a ɗore a kansa. Rana ta fara taɓa kan duwatsu sai ga yanyawar ta gangaro daga tudu, ta zo daidai farin dutsen ta tsaya, ta shaƙi iska, ta zauna. Ya sa ido a madubi ya daɗe. Sai ya ja jiki gefe a hankali, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Dije, zo ki leƙa. Idona yana son ta mutu, ba a karɓar shaidarsa. Gaban dutse take ko baya?"

Na leƙa. Madubin da na zaɓa bai rage mini komai ba. Na ga gashin bakinta, na ga kunnuwan nan manya, na ga wata 'yar bishiyar ƙaya da ta tsiro jikin dutsen, na ga dutsen ya rufe mata ƙafafun gaba. Baya take. Bai fi kamu ɗaya ba, amma baya. Na san alamar hukuma tana can taku arba'in, na san abin da Malam Nuhu ya faɗa, amma ba wannan ya tambaye ni ba. A bayana ina jin kazar tana gyara kwanciya a kan ƙwanta.

"Gaba take," na ce.

Na jira ya ce in rantse. Na jira ya ture ni ya sake dubawa, ya tambayi ta wane ido na gani. Bai yi ko ɗaya ba. Ya gyara zama, ya yi bismillah, ya ja kunamar bindiga. Dabbar ta yi tsalle sama, ta mirgino gangaren ta faɗo ɓangarenmu a cikin yashi, ba ta ƙara motsi ba. Ya je ya haƙa rami ya binne ta. Mutumin da ke bin sawun tururuwa har raminta, ranar bai hau ya duba inda jinin ya fara zuba ba.

Ƙwai bakwai suka ƙyanƙyashe. Yau kajin Inna sun haura ashirin a gonar, babban ɗansa ke kula da su. Shekara biyu Yaya ya yi bayan wannan, kuma duk wanda ya tambaye shi a ƙofar masallaci yadda ya tabbatar dabbar tana waje, amsarsa ɗaya ce, Dije ta shaida. Kuna dariya kuna cewa yau Wa-ya-gani ya samu wanda ya gani. Ni kuwa duk lokacin da maganar ta iso kunnena sai in ji kamar na taka ƙaya.

Da ciwon ya kwantar da shi a asibiti, yana can yana sa ma'aikatan jinya su karanta masa sunan kowace ƙwaya sau biyu, na je da yamma na kori kowa daga ɗakin. Na zauna a bakin gado na gaya masa. Na ce yanyawar nan bayan dutse take, na gani sarai, na yi masa ƙarya don kazata, na sa shi ya harbi abin da ya haramta wa kansa. Ya ɗaga ido ya kalli silin. Ya rame har kunnuwansa sun fi fuskar girma.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Mace mai kaza ɗaya a kan ƙwai tara, in kira ta shaida ban yi shiri ba? Tun jajibirin ranar da la'asar na matso da dutsen taku ashirin wajen gona. Na yi wa ƙaryarki wuri."

Na miƙe tsaye da gwiwar nan tawa. Na ce masa mugu, azzalumi, ya bar ni shekara biyu ina ɗauke da dutse a ƙirji yana kallona yana cin tuwona. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa ina ci gaba da zaginsa. Na fita daga asibitin nan ina huci, amma na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Kwana tara bayan haka aka kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Bayan an share makoki na je gonar duba kaji, sai na ce bari in taka zuwa dutsen. Na tafi a hankali da sandata. Yana nan, fentin ya koɗe, ya nutse cikin ƙasa har rabi, ga 'yar bishiyar ƙayar a jikinsa, saiwarta ta naɗe gindinsa kamar hannu. Na juya na ƙirga zuwa alamar hukuma, ni da ba na son tafiya. Taku arba'in da uku na samu, nawa takun kuwa bai kai nasa ba. Dutsen nan tun ranar da aka ajiye shi ba wanda ya taɓa shi.

To ku taya ni dubawa. Mutumin da ya yi shekara saba'in da bakwai bai faɗi abin da bai gani ba, ya kwanta a gadon mutuwa ya shirya mini wannan, har da ƙidayar taku da lokacin la'asar, don ya san ba zan yarda da maganar da ba ta da lamba ba. Ko ranar nan yarda ya yi da ni tsakani da Allah, ko shi ma ya ga ƙafafun a ɓoye ya ji kazar yadda na ji ta, wannan ya tafi da shi. Ina zarginsa, kuma ba inda zan kai ƙara.

Ya Allah, Kai Ka ga inda dabbar ta zauna. Harsashin nan bakina ne ya harba shi, Ka rubuta a kaina. Abin da ya gaya mini a asibiti kuma don ni ya faɗa, kada Ka tsayar da shi a kansa. Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sanyaya shi, Ka haɗa shi da Inna. Amin.